Abin da Ke Tayar da Dussa da Rani

Duk uwar da ta yi goyo a Madawa, Buza ko Keita ta san lokacin dussa, ciwon da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira ƙyanda. Ba ta cika zuwa da damina ba. Sai an cire amfanin gona, dammunan hatsi sun shiga rumbu, sanyi ya kama, sannan a fara jin ɗan wane ya kwanta. Ta yi ta ƙaruwa har zafin Maris da Afrilu, ruwa na sauka kuma ta lafa. Kamanninta ma sanannu ne: zazzaɓi mai zafi, tari, majina, idanu su yi jajir har yaro ya riƙa gudun haske. In aka buɗe bakinsa a ga ɗige-ɗige farare a cikin kumatu. Bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su feso daga bayan kunne, su sauko fuska da ƙirji har ƙafa.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne dalilin da ya sa take bin wannan lokaci ba ta kuskurewa. Kuma amsar ta shafi rayuka. Daga ƙarshen 2003 zuwa tsakiyar 2004 an rubuta mutum fiye da 10,000 da suka kamu a Yamai. Da Rebecca Grais ta cibiyar bincike ta Epicentre da abokan aikinta suka bi gida-gida a Bukoki, unguwar talakawa mai cunkoso, sun tarar a cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka kamu, wajen biyar cikin ɗari sun rasu. Babbar allurar gayya kuwa ba a fara ta ba sai da annobar ta kwashe kimanin wata biyar tana ci.

Amsar farko da aka gwada daga Ingila aka aro ta. Can, kafin a samu rigakafi, dussa tana tashi idan an koma makaranta, ta faɗi idan an yi hutu, domin a aji yara ke shafa wa juna. Masana irin su Bryan Grenfell sun yi shekaru suna nazarin alƙaluman Ingila, lissafin kuma ya zauna daram. Da aka ɗora shi a kan Yamai sai ya ƙi. Rabin yaran da ke kamuwa a nan ba su wuce shekara biyu ba. Yaron da ke goye a bayan uwarsa, wane lakwal ya shiga? Aka cire makaranta daga zargi.

Sai wani abin mamakin ya ƙaru. A ƙa'idar da aka sani, garin da ya kai mutum dubu ɗari uku zuwa dubu ɗari biyar dussa ba ta mutuwa a cikinsa, saboda kullum ana haifar sabbin jariran da za ta kama. Yamai ta wuce haka, ga haihuwa da yawa. Amma da Matthew Ferrari da abokansa suka tattara rahotannin birnin na kusan shekara ashirin, suka buga a mujallar Nature a 2008, sun ga ciwon yana ɓacewa ƙaf da damina, wasu shekarun ya yi shiru, sannan ya dawo da ƙarfin da ba wanda ya zata. Tazarar da ke tsakanin yaɗuwarsa da rani da yaɗuwarsa da damina ta fi ta Landan nesa ba kusa ba. Ke nan akwai wani abu mai ƙarfi da ke kunna shi yana kashe shi kowace shekara.

Hankali ya koma kan iska, kuma da hujja. Sanƙarau da hunturu yake zuwa, ƙura da bushewar hanci na buɗe masa hanya, an kuma san ƙwayar dussa ta fi daɗewa a busasshiyar iska. Ni kaina da wannan bayani na tashi, kuma har gobe ina ganin yana da ɗan rabonsa a ciki. Sai dai akwai hanyar gwada shi. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana karɓar rahoton mako-mako daga kowace gundumar lafiya, har da Madawa, Buza da Keita. Idan iska ce, to ƙauye da birnin da ke ƙarƙashin sama ɗaya ya kamata su tashi tare su faɗi tare, da ƙarfi iri ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna ba haka ba ne: hawa da saukar yaɗuwar ciwon sun fi tsanani a manyan birane, suna raguwa yayin da ake shiga karkara. Hunturun da ke busa Maraɗi shi ke busa kwarin Majiya, amma ba aiki ɗaya ake gani ba.

Me ke faruwa a birni da rani wanda ba ya faruwa a ƙauye? Duk ɗan Adar zai ba ka amsa ba tare da ya buɗe littafi ba. Ana gama kaka tasha ke cika. 'Yan biɗa su kama hanyar Ƙonni, Sakkwato, Kano, Yamai, wasu har Abijan. Daga ƙauyukan tudu, inda ba fadamar albasa da za ta riƙe mutum, wani lokaci gida guda ke tashi, mata da goyo da 'yan yaye, musamman shekarar da damina ta gaza. A birni ɗaki ɗaya ne na ɗan'uwa, ko rumfar zana a kangon da ake gadi. Dare ya yi sanyi, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, mutum takwas ko goma su kwana suna shaƙar numfashin juna. Ƙwayar dussa tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, mai ita kuma yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙurji ko ɗaya ya fito. A inda ba a yi rigakafi ba, mutum ɗaya na iya shafa wa 12 zuwa 18.

Zato ne mai kyau, amma kimiyya tana son ƙirga, kuma ba wanda ke ƙirga 'yan cin rani. Ƙidayar jama'a a Nijar an yi ta a 1988, aka sake a 2001, sai kuma 2012. Ba ta faɗin mutum nawa suka kwana a Damagaram a watan Fabrairu, nawa a Agusta.

A nan Nita Bharti, wadda a lokacin take jami'ar Princeton, ta kawo dabarar da ta warware ƙullin. Taurarin ɗan'adam na sojan Amurka masu duba yanayi suna ɗaukar hoton ƙasa da dare, suna kama hasken lantarki har da na wutar itace. Inda mutane suka ƙaru, murhu da fitila na ƙaruwa. Ita da abokan aikinta, ciki har da Dakta Ali Djibo na ma'aikatar lafiya ta Nijar, suka tsamo hotunan 2000 zuwa 2004, suka zubar da waɗanda gajimare ko farin wata ya ɓata, suka auna hasken Yamai, Maraɗi da Damagaram. A dukkan biranen uku haske na dushewa da damina, lokacin da aka koma gona, ya ƙaru da rani. Da aka jera shi da yadda dussa ke yaɗuwa, sai ga su suna hawa tare suna sauka tare.

Mai gardama zai ce rani ne ya kawo su duka biyu. Shi ya sa suka shiga cikin Yamai kanta, wadda a lokacin take da gundumomi uku. Rana ɗaya, ƙura ɗaya, ruwa ɗaya. Amma hasken gundumomin bai kai ƙololuwa lokaci guda ba, kuma a annobar 2003 zuwa 2004 gundumar da haskenta ya makara ita ce dussa ta makara a cikinta. Iska ba ta iya bambanta unguwa da unguwa haka. An buga sakamakon a mujallar Science a Disambar 2011.

Da wannan aka fahimci shekarun shiru ma. Damina na watsa jama'a, sarƙar yaɗuwa ta tsinke. Idan ba a sake shigo da ƙwayar da wuri ba a ranin da ya biyo, shekara ta wuce lafiya, jariran da ba a yi wa allura ba kuma su yi ta taruwa. Kamar kara ne da ake jibgewa a bayan gida: shekarar da tartsatsi ya faɗo da wuri, gobarar daidai yawan abin da aka tara take. Wani binciken su Bharti ya nuna ciwon ya fi saurin sake ɓullowa a gundumomin da manyan hanyoyi ke haɗawa da Najeriya, Madawa kuwa a kan babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi take, iyaka na kudu da ita.

Ba na son a karanta wannan a ɗora wa ɗan cin rani laifi. Yunwa da bashi ke fitar da shi, kuɗin da yake aikowa kuma su ke riƙe gidaje har shuka. Gyaran yana wajen masu tsara allura. Yaron da aka haifa a wani ƙauyen Keita, a takarda na likitar ƙauyensu ne. Ranar da ya cika wata tara, lokacin allurar dussa ta farko, yana iya kasancewa a Yamai, inda ba ya cikin lissafin kowa. Ma'aikaciyar awo ta ce, "Uwargida, ina karnen allurarsa?" a ce an baro shi gida cikin kwalla. Allura ta biyu, wadda ake yi bayan ya shekara, ita ta fi salwanta. Idan kuma aka auna nasarar allurar gayya da yawan mutanen tsohuwar ƙidaya, alhali garin ya kumbura da baƙi, sai takarda ta nuna an kai ga buri, a ƙasa kuwa an yi nesa da kashi 95 cikin ɗari da ake bukata kafin a tare ciwon. Wanda ya tsira ma bai gama tsira ba, domin dussa na raunana garkuwar jiki, ta bar yaro ga gudawa da ciwon huhu daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Irin waɗannan yara ne ake kwantarwa a ɗakin masu tamowa.

Tunda an san lokacin tashi, an san tashoshin, an san ranakun kasuwa, to makonnin da ke tsakanin girbi da ɗaure kaya su ne ya kamata ma'aikatan allura su fi yawo a Adar, tare da masu gari da shugabannin tasha, a kuma riƙa tuna wa iyaye su sa karne cikin kayan tafiya. Allurar tana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ta fara kare jiki. Yaron da za a hau mota da shi a Nuwamba, tun Oktoba ya kamata a yi masa.