Keken ɗinkin da ya kwana biyu a lungu

Duk gidan da ke da keken ɗinki an san halinsa idan aka lulluɓe shi da zane aka tura lungu har damina ta wuce. Ranar da aka janyo shi aka ɗora ƙafa, sai ya cije. Babu abin da ya karye a cikinsa, zama ne ya busar da mai, ƙura da tsatsa suka samu wuri. Haka gwiwa take idan aka kwance ɗori bayan mako shida ko fiye. Ƙashi ya haɗe, amma gaɓa ta sandare, naman cinya ya zube har ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta siranta. A nan ne likita yake tura mutum sashen gashi, irin wanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da sauran manyan asibitoci.

Sunan nan na gashi yana ruɗar mutane. Wani zai tafi da tunanin kwanciya zai yi, a haska masa fitila mai ɗumi, a danna masa jiki, ya tashi garau. Ɗumin yana nan, da ƙanƙara, da na'urar da ke ɗan tsikarar nama da lantarki. Sai dai waɗannan su ne man da ake ɗiga wa keke, ɗinki kuwa sai an taka.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da kwance ƙarafa. Yakan juya keken da hannu a hankali, yana saurare, yana neman inda yake cijewa. Ranar farko a sashen gashi kusan duk tambaya ce da gwaji: yaushe abin ya faru, wane motsi ne ke tayar da ciwon, kana iya barci, wane aiki kake yi. Za a sa ka yi tafiya a gani, a ce ka tura hannun ma'aikaci da ƙafarka, a ba ƙarfin naman maki daga 0 zuwa 5. Za a auna lanƙwasar gwiwar da wani ma'auni mai kama da abin auna kusurwa na 'yan makaranta. Ka tafi da hoton ƙashi da takardun asibiti, ka sa kaya masu walwala. Mace kuma tana iya neman mace ta duba ta.

Abin da na fi so mutane su riƙe shi ne su faɗi ainihin buƙatarsu. Zama a kujera yana neman gwiwa ta lanƙwashe kusan digiri 90, amma zaman tahiya da tsuguno suna neman fiye da 140. Idan burinka ka koma sujada a ƙasa, ko ka zauna a tabarma ka ci abinci da iyali, ka faɗa tun ranar farko, domin a kan haka za a tsara maka motsin. Kunya a nan asara ce.

Ciwo fa? Za a ji, irin tsamin jikin da ke biyo bayan ranar farko ta noma, wanda yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwo mai suka kamar allura, kumburi da ke ƙaruwa, ko ƙafa ta ɗauki zafi ta yi nauyi, waɗannan ba na jurewa ba ne, a sanar da ma'aikaci nan take. Wanda ya danne keke da ƙarfi don ya gaji da jira, allura yake karyawa.

Mai gyara kuwa ba a gidan yake kwana ba. Zaman asibiti rabin awa ne zuwa awa guda, wataƙila sau biyu ko uku a mako, sauran lokacin duk na gida ne. Da yawa sukan daina zuwa da zarar ciwo ya ragu, alhali naman bai dawo da ƙarfinsa ba, sai gwiwa ta riƙa sullewa a kan matakala. Na ga dattijuwar da ta ɗaura motsinta da lokutan salla: in ta sallame, sai ta miƙe ƙafa a kan darduma, ta matse cinya ta ƙirga goma, ta saki, jikarta na gefe tana taya ta ƙirge. Ta yi watanni tana salla a kujera kafin ranar da ta sauko ƙasa ta kai goshi.