Mudun Da A Ke Auna Maganar Yara

 Abin da na ke so mu duba yau shi ne gasar jawabi da a ke shirya wa yara 'yan makaranta, da sharuɗɗanta, da nauyin da ke wuyan waɗanda a ke zaunarwa su yi alƙalanci.

Dalilin wannan zance kuwa, an taɓa kirana wata makaranta a nan Fagge, aka sa ni cikin alƙalai uku. Na tambayi mai shirin, na ce da wane mudu za mu auna? Ya ce, "Ai Malam, kunne ya isa." Yara biyu suka rage a ƙarshe, a kan zancen tsabtar unguwa. Na farko ɗan Fagge ne mai zaƙin murya, ya yi ta jero karin magana, jama'a na ta tafi. Na biyu daga Sabon Gari ya zo, Hausarsa ba ta zauna ba, har ya kan ce wa mace "kai". Amma ya faɗi inda kwata ke toshewa, da abin da ke toshe ta, da wanda ya kamata a kai wa kuka. Aka ba na farko kyauta, har da hannuna a ciki. Da na koma gida na nemi abu ɗaya cikin jawabinsa da za a yi aiki da shi, ban samu ba. Ashe tafin jama'a muka bi. Na zalunci yaro, ba da nufi ba, don rashin mudu.

Lalle wurinmu ya fi ko'ina bukatar wannan mudu. Fagge tun da can zango ce ta fatake da Buzaye a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ta zama mazaunin Yarabawa da Ibo da sauran baƙi. Yau duk ƙaramar hukuma ɗaya ce, yaranmu na gamuwa a aji ɗaya da harsuna dabam-dabam. Kuma mun san abin da baki ke yi. A Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agusta 1950, jarinta lacca ne. Marigayi Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, da ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, da fasahar harshe aka fi saninsa. To, wanda za a koya wa wannan sana'a, bai kamata darasinsa na farko ya zama rashin adalci ba.

Mu almajirai muna da misali a hannu, watau musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda jami'ar Sakkwato, da yanzu a ke kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta fara shiryawa cikin 1986. Daga ƙaramar hukuma a ke farawa, sa'an nan jiha, sa'an nan ƙasa. An raba yara bisa yawan izun da suka haddace, don kada mai izu biyu ya kara da mai sittin. Makin hadda dabam, na tajwidi dabam. In yaro ya yi tuntuɓe a kaɗa masa ƙararrawa, a rage abin da ƙa'ida ta ce a rage. Ko da ya faɗi, ya san inda ya faɗi.

Masu muhawara su ma suna da nasu. Akwai gasar muhawara ta 'yan makaranta ta duniya, wadda aka fara a Ostireliya cikin 1988. Kowane gefe yara uku ke magana, kowa minti 8. Makin kuwa kashi 40 cikin 100 na hujja ne, 40 na salon faɗa, 20 na tsarin jawabi da sanin abin da ya fi muhimmanci. Ka ga ke nan zaƙin baki bai kai rabi ba. Malamanmu na balaga sun riga sun bambanta: fasaha ita ce tsarkin lafazi, balaga kuwa ita ce magana ta dace da halin da a ke ciki. Yaron Fagge fasaha gare shi, na Sabon Gari shi ya fi kusa da balaga.

Saboda haka ina ba masu shirya gasa shawara biyar. Na ɗaya, a rubuta sharuɗɗa, a karanta wa yara tun kafin ranar, har da harshen da za a yi magana da shi. Na biyu, a yanka lokaci daidai wa daida, a sa mai agogo wanda ba alƙali ba. Na uku, alƙalai su zama uku ko biyar, kowa ya rubuta makinsa kafin ya dubi na ɗan'uwansa, kuma malami kada ya hukunta almajirinsa. Na huɗu, a raba maki gida-gida, don kuskuren lafazi ya ci gidansa kaɗai, kada ya cinye hujja. Na biyar, a yi wa kowane yaro tambaya ɗaya bayan ya gama, domin a nan a ke gane wanda ya fahimta da wanda babba ya rubuta masa ya haddace.

Kāna in an gama, alƙali ya kira wanda bai ci ba, ya nuna masa wurin gyara cikin taushin murya. Kyauta yaro ɗaya ke tafiya da ita gida, amma hukuncin da aka yi, duk yaran da ke wurin sun gani, kuma da shi za su girma.

Allah ya sa mu yi adalci ga na ƙasa da mu, amin. Wassalam.