Makaranta Ɗaya, Hanya Biyu: Me Ke Raba Mu a Siyasa?

Duk lokacin zaɓe mukan ga abokai sun daina gaisawa, wani lokaci ma 'yan aji ɗaya. Da zarar wani ya saɓa mana, sai mu ce ko dai jahili ne, ko kuma an saye shi. Ƙannenmu, labarin wasu malamai biyu ya isa ya sa mu sake tunani.

Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kwaleji ɗaya ta yaye su, wadda a yau ake kira Barewa. Sun koyar tare a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, kuma kowannensu ya je ƙaro ilimi a Landan. Dukansu sun ga yadda talaka ke shan wuya a mulkin En'e. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin. A wannan shekara kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu ya jagoranta.

A nan hanya ta rabu. Tafawa Ɓalewa ya tsaya a NPC, yana ganin gyara sai sannu a hankali, tare da sarakuna, don kada Arewa ta watse. Malam Aminu kuwa ya ga cewa jiran nan talaka ne ke biyan kuɗinsa da haraji da jangali da aikin tilas. Babu jahili a cikinsu. Abin da kowa ya sa a gaba ne ya bambanta: ɗaya haɗin kai, ɗaya adalci.

Wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, Jonathan Haidt, ya yi bayanin irin wannan a littafinsa na 2012. A ganinsa, mutane suna auna daidai da kuskure da tausayi, adalci, 'yanci, kishin jama'a, biyayya ga na gaba da kuma tsarki, amma nauyin da kowa ke ba su ba ɗaya ba ne.

Wannan ba ya nufin kowa na da gaskiya, domin akwai maƙaryata da masu son zuciya. Amma kafin mu zagi abokin gardama, a filin makaranta ko a Facebook, mu fara tambayarsa: me kake tsoron a rasa? Wataƙila abin da yake karewa mu ma muna so, mun dai sa shi a baya ne.