AMSAR TAMBAYOYINKU: Me Ke Sa Wasan Kwamfuta In'ina, Ko Ya Mutu Ana Tsakiyar Yi?

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Bacirawa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa: "Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina da ɗan shagon gem mai kwamfuta uku, biyu na tebur, ɗaya laftof, dukansu na hannu ne. Mahaifina ne ya sayar da gyaɗarsa ya ba ni jari. Tun da bazara ta shigo wasan ƙwallo yake sarƙewa, wani sa'in ya rufe kansa, wani sa'in allon ya yi baƙi. Yara sun fara komawa wani shagon. Wani mai gyara ya ce direba ne, wani kuma ya ce sai na sayi sabon katin hoto. Don Allah wane ne wannan direban, kuma yaya zan yi?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah kuma ya sa wa jarin albarka. Abu na farko, kada ka fitar da ko kwabo tukuna. Yawancin irin wannan ciwo a ƙasarmu ba sabon kati yake nema ba. Akwai abubuwan da ake dubawa bi da bi, a fara da wanda ba ya cin kuɗi, a ƙare da mai tsada. Ka biyo ni sannu a hankali.

Da farko mu san abin da wasan yake yi. Motsin da kake gani a allo hotuna ne tsayayyu da ake jerowa da sauri. Fim yakan jero 24 a daƙiƙa ɗaya. Wasan kwamfuta kuwa ana son ya kai 60, ko aƙalla 30. Bambancin shi ne hotunan fim an riga an ɗauke su, amma na wasa nan take kwamfuta take zana kowanne. Idan 60 ake so, ka ga kowane hoto bai samu ko kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba. Da zarar ɗaya ya makara, sai ka ga ɗan wasa ya tsaya cak, sannan ya yi tsalle ya bayyana a gaba. Wannan ita ce in'inar.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, zauna ka lura da lokacin da abin yake faruwa, kamar yadda malamin asibiti yake tambayar majiyyaci. Idan wasan yana tafiya lafiya da farko, sai bayan minti 10 ko 15 ya fara sarƙewa, zafi ne. Idan kwamfutar ce take mutuwa ɗungurungum ko ta sake tashi da kanta ba tare da wani saƙo ba, a tuhumi wuta ko zafi. Idan allon ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, akasari direba ne. Idan kullum a wuri ɗaya wasan yake mutuwa, fayilolinsa ne suka lalace. Idan kuwa tun daga buɗewa yake jan ƙafa, dare da rana, to kayan sun fi ƙarfin jakin.

ZAFI DA ƘURA

Kai da bakinka ka ce abin ya fara ne da shigowar bazara, don haka nan na fi zargi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya ɗara, balle a shago mai rufin kwano. Kafin nan kuma hunturu ya yi wata uku yana cusa ƙura a cikin na'urar, ga ƙaiƙayin sussuka da iska take kwasowa da kaka. Ƙurar nan takan dunƙule a bakin fanka kamar auduga, ta toshe hanyar iska.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, an ƙera ta da dabarar kare kai. Idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Katunan hoto da dama kuwa tun daga wajen digiri 83 suke fara ja da baya. Wannan rage gudun shi kake gani a matsayin sarƙewa. In zafin ya ƙi sauka sai na'urar ta kashe kanta.

Akwai manhajoji na kyauta da ke nuna zafin, irin su HWMonitor da MSI Afterburner. Ka buɗe ɗaya, a buga wasa na minti 20, ka duba lambar da ta kai. Idan ta yi sama, kashe kwamfutar, zare waya daga soket, buɗe murfin, a hure ƙurar da bulowa a waje. Ka riƙe fankar da yatsa lokacin da ake hurawa don kada ta yi gudun da ya wuce kima. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai kuma wani mai da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafinta. A kwamfuta ta hannu yawanci ya daɗe da bushewa. Mai gyara ya goge tsohon ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ba tsada gare shi ba. Sannan ka ɗauke kwamfutocin tebur daga ƙasa. Laftof kuwa kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ko katako biyu ka sa ka ɗaga bayanta, za ka ga canji.

WUTA

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda takan zo da rauni, ƙwai ya yi ja kamar garwashi. Kwamfuta tana iya jure wannan in rubutu ake yi. Wasa kuwa yana sa katin hoto ya ja wuta da yawa a lokaci guda, nan ne take faɗuwa. Haka in ƙaramin janareta ne, kuma ga firiza a layi ɗaya: duk sa'ad da firizar ta tashi sai wutar ta nutse. Ka raba musu layi, ka sa stabilaiza, in da hali ka haɗa da UPS. Ka duba estenshan ɗinka ma, in bakinsa ya yi baƙi ko yana ɗumi, jefar da shi.

A cikin kwamfutar tebur akwai fawa-fak mai raba wa sassa wuta. Idan ya tsufa, ko an ƙara kati mai cin wuta ba a canja shi ba, kwamfutar za ta riƙa mutuwa daidai lokacin da wasa ya yi zafi. Gwajin mai sauƙi ne a gare ka tunda biyu gare ka: musanya su ka gani ko ciwon zai bi fawa-fak ɗin. Ita kuwa laftof, a riƙa wasa tana jone da caja, domin a kan batir rage ƙarfi take yi. Cajar kuma ta zama daidai da tata. In mai wat 90 take so aka ba ta mai 45, wasu, musamman HP da Dell, sukan rage gudu da gangan.

WANE NE DIREBA?

To, ga mutumin da ka tambaya. Ba direban mota ba ne, ba kuma wani ƙarfe ba ne da za a sayo a kasuwa. Ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta. Wasa yana magana da Windows ta wata hanya da kamfanin Microsoft ya fito da ita a 1995, mai suna DirectX. Katin hoto kuwa yarensa daban. Direba shi ke tsaye a tsakani yana fassara. In tafinta ya tsufa bai san sababbin kalmomi ba, ko aka kawo na wani yare, ai ka san zance zai rikice.

Windows takan ba katin hoto daƙiƙa 2. In bai amsa ba sai ta kashe direban ta sake tayar da shi. Wannan shi ne baƙin allon da kake gani, wasan kuma ya mutu a nan. Amma ka lura, zafi da ƙarancin wuta su ma suna hana kati amsawa, a ɗora wa direba laifi. Shi ya sa na ce a fara da su.

Manyan kamfanonin da ke yin waɗannan katuna uku ne, dukansu na Amurka: Nvidia, da AMD wanda ya sayi ATI a 2006, da Intel. Don sanin naka, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta dxdiag, ka duba shafin Display. Sunan da ka gani, shi za ka nema a shafin intanet na kamfanin da kansa. Ka guji tarkacen direbobin da ake yawo da su a filashi ana ɗora wa kowace kwamfuta. In laftof ce, fara da shafin wanda ya ƙera ta. Fayil ɗin yana da nauyi, na Nvidia yakan haura megabait 500, don haka a tanadi data, a kuma ajiye kwafi.

Kafin a sa sabo, gara a share tsohon tas. Akwai manhajar kyauta mai suna DDU da ke wannan aiki, ana kuma amfani da ita ne bayan an tayar da Windows a yanayin Safe Mode. Abu biyu kuma za ka riƙe. Na ɗaya, wasan farko bayan sabon direba yakan ɗan yi in'ina saboda yana sake shirya wasu bayanai, ka ba shi wasa biyu ko uku kafin ka yanke hukunci. Na biyu, ba kullum sabo ya fi ba. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Device Manager ka mayar da na da. Tsofaffin katuna ma an daina yi musu sabo: Nvidia ta tsayar da sababbin direbobin wasa ga yawancin jerin GTX 600 da 700 na tebur tun 2021.

Wasu laftof kati biyu gare su, ƙaramin Intel da babban Nvidia ko AMD. Sau da yawa wasa yakan hau kan ƙaramin, babban yana barci. A cikin saitin Graphics na Windows ake zaɓa masa babban. In kuma wasa ya ƙi buɗewa yana cewa babu d3dx9_43.dll ko msvcp140.dll, wannan ba direba ba ne. Na farko yana cikin tsohon kunshin DirectX na Yunin 2010, na biyu a cikin Visual C++, dukansu kyauta a shafin Microsoft. Kada ka sauko da fayil ɗin shi kaɗai daga wani shafin da ba ka sani ba.

KAYA DAIDAI JAKI

Kowane wasa yana da mafi ƙarancin abin da yake bukata. FIFA 23, wanda ya fito a 2022, yana son RAM gigabait 8 da kati irin GTX 1050 Ti. Laftof ɗin ofis ta wajen 2012 mai Intel HD 4000 ba za ta ɗauke shi ba ko wane direba aka sa mata, alhali za ta buga PES 2013 lafiya lau. Danna Ctrl da Shift da Esc ana cikin wasa, ka ga ko RAM ta cika. In ta cika, rufe sauran manhajoji, rage girman hoto daga 1080 zuwa 720, rage inuwa. Ƙara RAM, ko sauya tsohon faifan ajiya da SSD, ya fi sabon kati araha nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa shi ne maganin. Ka kuma sani Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025.

Sai maganar da ba a so a ji. Wasannin da ake turawa a filashi, waɗanda aka fasa makullinsu, sukan zo a gutsure, wasu kuma da baƙo a ciki. A 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata cuta mai suna Crackonosh da ta shiga kwamfutoci sama da 222,000 ta irin waɗannan kwafe-kwafe, har da na GTA V da PES 2018. Aikinta ta riƙa haƙo wa masu ita kuɗin intanet da furosesarka, da wutarka, da man janaretanka. In ka ga furosesa tana aiki tuƙuru alhali ba a buɗe komai ba, ka yi zargi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

IN SAYEN YA ZAMA DOLE

Idan ka bi duk waɗannan, kuma hoto yana fitar da ɗigo-ɗigo ko zane-zane masu launi, cire katin ka gwada shi a ɗaya kwamfutar. In ciwon ya bi shi, to katin ne. A nan ne kawai maganar mai gyara na biyu ta tabbata. In ka shiga birni saye, ko titin Beirut ko wani wuri, ka sani akwai na jabu a duniya: tsohon kati da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Ka sa a ɗora shi a gabanka, a duba shi da manhajar GPU-Z, a buga wasa na rabin awa kafin ka miƙa kuɗi.

Daga ƙarshe Malam, ka sayi littafi na ɗalibai ka ware wa kowace kwamfuta shafi. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. Wanda ya canja abu biyar rana ɗaya, ko ya warke bai san maganin ba, gobe in ciwon ya dawo sai ya sake biya. Sharar ƙura kuwa a mayar da ita al'ada, sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya kafin bazara.

Da fatan mai tambaya da sauran masu irin wannan sana'a sun gamsu. A ci gaba da aiko da takardu, a kuma riƙa rubuta sunan kwamfuta da na wasan don amsa ta fi zuwa daidai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.