TAUSAYIN DA KE ƊAURE YARO A ZAURE

A Ɗandamisa ta Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, kamar sauran ƙauyukan Ikara da Kudan, yaro yakan fara koyon zaman duniya ne ta wurin aiki. Tun yana ɗan shekara bakwai ake aikensa kasuwa, a ba shi kiwon awaki, ya bi ubansa gonar rake. Amma idan yaron gurgu ne, ko makaho, ko kurma, sau da yawa sai a ɗauke masa dukan wannan, a ce abin tausayi ne, a bar shi ya huta.

Wannan hutu shi ne mafarin wahalarsa. Uwa takan yi masa wanka, ƙanne su ɗebo masa ruwa, uba kuwa ya hana shi makaranta don gudun kada yara su yi masa dariya. Ran da iyaye suka kwanta dama, sai a wayi gari ga baligi ba karatu, ba sana'a, sai ƙoƙon bara.

Alhali kuwa an daɗe da tabbatar da cewa nakasa ba kasawa ba ce. Tun cikin 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, inda ake koyar da karatu da rubutun Braille. A Kano kuma, ƙungiyar waɗanda shan inna ya nakasa takan ƙera kekunan guragu da hannun 'ya'yanta, suna ci da kansu.

Hukuma ma ta yi nata. A watan Janairu na 1919 ba a san irin wannan ba, amma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai gurbin aiki ba ya amfanar wanda ba a taɓa kai shi aji ɗaya ba.

Saboda haka nauyin yana kan iyaye, da malamai, da masu unguwanni. A bar yaro ya ci abinci da hannunsa, ya wanke tufafinsa, a aike shi, in ya yi laifi a tsawata masa kamar 'yan'uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.