Kwamfuta Mai Faifai Biyu Ta Ƙi Tashi: A Dakata da Fomat

Idan kwamfuta mai faifan ajiya biyu ko uku ta ƙi tashi, baƙin allo ya fito da rubutun "No bootable device" ko "grub rescue", shawarar da ake saurin bayarwa ita ce a yi mata fomat. Wannan gaggawa ce mai tsada. Sau da yawa Windows ko Linux ɗin na nan lafiya lau, takardu da hotuna ba abin da ya taɓa su. Kwamfutar ce kawai take neman manhajar tayarwa a faifan da ba ta ciki.

Da an danna maɓalli, BIOS ne ke fara farkawa, ko UEFI a sababbin injina. Shi bai san Windows ba. Jerin faya-fayai kawai yake bi har ya sami ƙaramar manhajar da za ta karɓi ragama, wato Windows Boot Manager ko GRUB na Linux. A tsohon tsarin MBR, wanda ya zo tun 1983, farkon wannan manhaja yana zaune ne a bayit 512 na farkon faifai, kuma 446 kaɗai ne rabonta. A UEFI an ware mata ɗan sashe nata mai tsarin FAT32. To ga inda gizo ke saƙar: ba dole ba ne manhajar tayarwa ta zauna faifai ɗaya da Windows ɗin da take tayarwa. Mutum ya sayi sabon SSD, ya loda masa Windows alhali tsohon faifai na jone, manhajar lodawa ta ga sashen tayarwa a tsohon, sai ta zuba nata fayilolin a can ba ta ce uffan ba. Komai zai yi ta tafiya daidai har ranar da aka cire tsohon faifan ko aka goge shi, sai sabon ya ƙi motsi. Linux ma na da nata: sunayen faya-fayai irin su sda da sdb kan sauya idan an canza wayoyi, shi ya sa ake dogara da lambar UUID, wadda ba ruwanta da ramin da aka soka faifan.

Saboda haka bincike daga mai sauƙi ya kamata ya fara. A shiga BIOS a ga ko duk faya-fayan sun bayyana, a duba wanne ke gaba a jeri. Ɗan batirin CR2032 da ya mutu ya isa ya birkita wannan jeri. A duba kuma ko an sauya daga UEFI zuwa Legacy, wato tsohon tsarin, domin abin da aka loda a ɗaya ba ya tashi a ɗayan. Daga nan a cire faya-fayan, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sai an gano inda manhajar take sannan a ɗauko filash a gyara da bcdboot ko grub-install, a kuma karanta sunan faifai sau biyu kafin a danna, don kuskuren harafi ɗaya kan lalata na ƙalau.

Wani zai ce fomat ya fi sauri, kuma akwai ƙamshin gaskiya idan babu abin hasara a ciki. Amma wanda ya sake lodawa da faifai biyun a jone ya sake ɗana tarkon da ya kama shi. Rigakafin shi ne a cire sauran faya-fayai lokacin lodawa, kowanne ya sami manhajar tayarwarsa. Za a kuma ce kwance faifan M.2 da ke maƙale cikin laftof ba wasa ba ne. Haka ne, a nan sai a kashe shi ta BIOS idan injin ya yarda, in bai yarda ba a duba bayan lodawa a tabbatar wane faifai ne ke ɗauke da sashen tayarwa kafin a goge ko a sayar da wani.