Jiki Magayi: Ciwon Da Fatake Ke Saukowa Da Shi A Hanyar Libreville

Daga wakilinmu a Ntoum

Duk motar da ta ɗauko albasa ko tumatir ko ayaba daga kan iyakar Kamaru za ta shiga Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, babu makawa sai ta ratsa garin Ntoum, domin kuwa hanyar ɗaya ce tilo. Daga Ntoum saura kimanin kilomita 40 a shiga birni. Kafin nan mai kaya ya baro Bitam da Oyem da Mitzic da Ndjole da Kango, tafiyar kusan kilomita 600 cikin kurmi, ga ruwan sama, ga shingayen jandarma da na duwan, ga kaya na gumi a ƙarƙashin tamfol. In kuwa albasar Garwa ce ko ta Marwa, to ta kwana da yawa a hanya tun kafin ta ga kasuwar Kye-Ossi.

Wanda ya saba zama da mutanenmu a wannan gari ya san irin koken da ake saukowa da shi daga mota. Wannan ya ce kansa kamar an ɗora masa dutse, wancan ya ce ƙirjinsa na zafi kamar an zuba barkono, wani gabansa ke faɗuwa haka kawai, wani kuma ya ce akwai abin da ke yi masa yawo a jiki. Maganin kusan iri ɗaya ne: a je wurin mai sayar da magani a ce ya haɗa na taifod da maleriya, a kora da shayi, a wuce kasuwar Mont-Bouet. Bayan mako biyu ciwo ya dawo, a sake haɗawa. Abin mamaki shi ne, ɗan kasuwar da ba ya karɓar buhu sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, ba ya karɓar kuɗi sai ya ƙirga sau biyu, shi ne ke sayen magani ba tare da an auna shi ba.

Likitoci na cewa ciwo ɗaya kan iya shigowa ta ƙofa uku: damuwar da mutum ke ciki, ko abin da yake ci da sha da yadda yake barci, ko kuma wata cuta da ke cikin jiki. Sau da yawa ma ukun ne ke haɗuwa a kan mutum ɗaya.

Mu fara da damuwa, tunda ita ce aka fi rainawa. Idan mutum ya tsorata ko hankalinsa ya tashi, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu 'yan ƙananan halittu da ke saman ƙoda, su kuma su zuba sinadaran adirenalin da kotizol a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini, tsokar wuya da ta kafaɗa su ɗaure, ciki ya rage narka abinci, baki ya bushe. Wannan shiri ne na gudu ko kokawa, kuma yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji. Da maciji ya wuce jiki ya koma daidai. To amma bashin maigida ba ya wucewa cikin minti 5. Haka ma takardar zama da wa'adinta ya kusa ƙarewa, ko buhu 200 na albasa da ke tsiro saboda mota ta lalace a Ndjole. Jikin mai wannan hali kullum a ɗaure yake, dare da rana, wata da watanni. Ciwon kan da ke kama ƙeya ya zagaye goshi kamar an ɗaura rawani da ƙarfi, galibi daga wannan ɗaurewar tsoka yake. Ciwo ne na gaskiya, ba raki ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba.

Dalilan damuwar kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Dattawan kasuwa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020, annobar korona kuma ta tsayar da zirga-zirga a 2020. A Agustan 2025 majalisar ministocin Gabon ta sanar da keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai, ciki har da ƙaramin ciniki na cikin unguwa da gyaran wayar salula. Hausawan Bitam da Oyem da Minvoul, waɗanda kakanninsu suka zauna a can sama da shekara 100, 'yan ƙasa ne. Amma wanda ya zo daga Maraɗi ko Katsina ko Ngaundere da 'yar jarinsa, irin wannan sanarwa kan hana shi barci.

Matsalarmu ita ce an horar da mu a kan haƙuri da kunya. Namiji ba ya zama a majalisa ya ce yana jin tsoro, ko ya ce baƙin ciki ya ishe shi. Abin da zai iya faɗa ba tare da an yi masa dariya ba shi ne kansa na ciwo. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe 14, har da birnin Ibadan a ciki, wanda aka buga sakamakonsa a 1999, ya nuna cewa kusan mutum 7 cikin 10 na masu ciwon damuwa mai tsanani da suka je asibiti, ciwon jiki kawai suka kai wa likita. Tun a 1960 ma wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu a kan ɗalibai masu kukan zafi a ka, da jin abu na tafiya a cikin kai, da dishi-dishin ido, duk saboda nauyin karatu da nauyin burin da dangi suka ɗora musu.

Kada mai karatu ya ɗauka tunda damuwa ce ai da sauƙi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52 aka fitar a 2004 ya gano cewa masu zama cikin matsi na dindindin, a gida ko a wurin aiki, haɗarin kamuwarsu da bugun zuciya ya kusa ninka na sauran jama'a.

Ƙofa ta biyu kuwa mu ne da kanmu muke buɗe ta. Mai rakiyar kaya kan kwana 3 ko 4 yana barcin zaune. Don kada ya yi gyangyaɗi sai goro, sai shayi mai kauri, sai Nescafe, sai lemun ƙarin kuzari na gwangwani. Dukkansu sinadari ɗaya ne a ciki, wato kafeyin, wanda rabinsa kan zauna a jini har bayan kimanin awa 5. Shi ke sa rawar hannu da bugawar ƙirji da hana barci, in kuma aka rasa shi kai ya sara. Duk maci goro ya san ciwon kan ranakun farko na azumi.

Ga kuma maganin ciwon jiki. Mutumin da ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a kowane wata saboda ciwon kai, maganin da kansa kan koma ya zama mai kawo ciwon kan. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ba a rasa su a cikin haɗin da ake ƙullawa a leda, suna cin bangon ciki, suna taɓa ƙoda, suna kuma ƙara hawan jini. Sai uwa uba tiramadol, wanda a Gabon matasa ke kira kobolo. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma na bayan fage ƙwaya ɗaya kan kai 225. Yana jawo farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Ranar da mai shan sa bai samu ba kuwa, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da hamma da jin sanyi, tamkar zazzaɓin cizon sauro. Yara masu dako da yaran mota da yawa ana ta ɗura musu maganin maleriya, alhali ƙwayar ce ke kiransu.

A nan ne ya kamata a yi maganar olsa, domin kusan kowane ɗan kasuwa ya riga ya yanke wa kansa hukuncin yana da ita, wai yunwa da tunani suka jawo. Yunwa da tunani kan tayar da zafin ciki, wannan gaskiya ne. Amma gyambon ciki na ainihi, mafi yawansa daga abu biyu yake: waɗancan magungunan ciwon jiki, da wata ƙwayar cuta da likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani na kwana 10 zuwa 14. Mutum ya yi shekara 10 yana shan madara da farin maganin ruwa, alhali abin da mako biyu zai raba shi da shi.

Taifod ma haka. Gwajin Widal da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji, wani likita Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jini ya ajiye ce, don haka yakan nuna akwai ga wanda ya warke tuntuni, ko wanda aka yi wa rigakafi, ko mai maleriya. A ganina babu takardar da ta ci kuɗin talaka a banza kamar wannan. Maleriya kuwa tana nan a Gabon rani da damina, ba kamar Arewa ba, kuma tana kisa. Gwajinta na ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 ne, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

To, ga inda Gabon ta bambanta da gida. Wanda ya ce abu na yi masa yawo a jiki, a Kano ko Damagaram za a iya cewa damuwa ce, wasu su ce sammu ne ko iska. A nan kuwa mai yiwuwa ne tsutsa ce ta gaske. Akwai wani jan ƙuda a kurmin Gabon da kudancin Kamaru mai cizo da rana, yana sa wa mutum tsutsar da likitoci ke kira Loa loa. Tsawonta kan kai santimita 3 zuwa 7, tana yawo a ƙarƙashin fata shekara da shekaru, tana sa ƙaiƙayi da kumburi a wuyan hannu wanda kan zo ya tafi, wani lokaci har a gan ta tana ratsa farin ido. Cibiyar bincike ta CERMEL da ke Lambarene, garin da Albert Schweitzer ya kafa asibitinsa a 1913, ta daɗe tana aiki a kanta. Abu biyu ya kamata baƙo ya riƙe. Na farko, jinin gwajinta da rana ake ɗiba, tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, domin lokacin ne 'ya'yanta ke fitowa cikin jini. Na biyu, kada mutum ya sayi Mectizan ya sha da kansa, domin in tsutsar ta yi yawa a jini maganin kan taɓa ƙwaƙwalwa, har a rasa rai. Wanda ya koma gida da wannan ƙaiƙayi kuma ya gaya wa likita cewa ya zauna a Gabon, don ba kowane likitan Arewa ne zai kawo ta a ransa ba.

Akwai kuma cutar da ba ta yin sallama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum 1 cikin 3 na manya a duniya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Yawancin masu shi ba sa jin komai, don haka jiran ciwon kai kafin a sha magani, ko daina sha don kai ya daina ciwo, shi ke kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki. Gishirin da aka yarda mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, ga shi kuwa abincin tasha daga dunƙulen magi sai busasshen kifi. Yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da zafin tafin ƙafa da rama, waɗannan na ciwon suga ne sai in gwaji ya ce ba shi ba.

Wasu alamomin ba a tsaya ana tambayar damuwa ce ko ba ita ba. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe; in ƙirji ya danne kamar an ɗora buhu, ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi tare da gumi; in aka yi aman jini ko bayan gida baƙi kamar kwalta; in zazzaɓi ya zo da ruɗewa, to mota za a nema zuwa asibiti a wannan sa'a. A yi addu'a a cikin motar, kada kuma a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace ruwa ko zuma, don yana iya shaƙewa.

In kuwa an auna komai an ce lafiya lau, amma barci ya ƙi, abinci ya fita a rai, ciniki ya daina daɗi har sama da mako biyu, to wannan ma ciwo ne mai magani. Cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Gabon tana Melen, a kan wannan hanya tsakanin Ntoum da Libreville. Na san mutumin Kano da ya ji an ce Dawanau zai fi so a ce kasuwar hatsi ake nufi, ba asibitin ba. Amma ba sai mai jifa ke zuwa can ba. Wani ma abin da zai sauke masa nauyi shi ne ya samu sarkin Hausawa ko wani dattijo ya raka shi wurin mai binsa bashi a tsara yadda zai biya.

Awon jini ba shi da tsada, kantunan magani da yawa na yi. A zauna a huta minti 5, kada a ci goro ko a sha taba ko shayi rabin awa kafin nan, a kuma maimaita a wata ranar, domin awo ɗaya bayan rigima da ɗan duwan ba ya nuna gaskiya. A rubuta lambar da kwanan wata a bayan littafin bashi, tunda shi ne ba a mantawa da shi a gida. A lura kuma da bambancin lissafi: abin da likitan Gabon ko Kamaru ko Nijar zai kira 14/9, shi ne na Najeriya zai rubuta 140/90, kuma daga nan hawan jini ke farawa. Sugan safe kafin karyawa da aka rubuta 1.26 a Libreville, shi ne 126 a Kano.